Filin Mata: Ki Auna Kafin Ki Gasa

  Ina gaida 'yam makaranta, musamman masu karanta wa iyayensu wannan fili da dare bayan an kau da kwanuka.

Makon nan takardu biyu suka iso mini, magana kuwa guda ce. Ta fari daga wata uwa ce a Sabuwa, wadda za ta aurad da 'yarta in an gama aikin kaka. Tana so ta yi kofuna na rabo, irin na yayi ɗin nan da zane ya ke kewaye su tun daga baki har gindi, amma ba ta san yadda a ke gane na kirki ba. Ta biyu daga wata matar aure ce a Ƙanƙara. Ɗaukar adashinta ta matso, tana tambaya ko ta sayi injin da a ke buga hoto a jikin kofi da gora da tambulan, ta riƙa yi a cikin gida. To, ku matso kusa, amsarku guda ce. Amma bari in fara da abin da ya same mu.

Abin Da Ya Faru A Faskari

Bara aka yi bikin 'yar gwaggona a Faskari. Gwaggo ta sayar da buhun masara, ta haɗa da gudummawar dangi, aka aika wa wani mai buga hoto a babban gari da kuɗin kofi dozin 6 da tambulan na ƙarfe dozin guda na abokan ango. Duk ta waya aka yi cinikin, ba wanda ya ga samfuri. Kaya ba su iso ba sai ana gobe kamu.

Da aka buɗe katan, guɗa ta tashi. Gaban kofin kam ba laifi, ga amarya ta fito fes. Da aka juya wajen hannu, sai ga launi ya koɗe kamar tsohon atamfa. Tambulan kuwa wani farin layi ya tsaga bayansu daga sama har ƙasa, furen dama bai sadu da na hagu ba. Ba wannan ya fi ba mu kunya ba. Mun ce a rubuta "Muna godiya ga baƙi," sai ga shi an rubuta "Muna godiya ga baki." Har wa yau kwanan watan da ke jiki na ranar da aka fara sawa ne, alhali an ɗaga bikin da mako guda.

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke 'yar boko, ɗauko kananzir da soson ƙarfe ki goge mana wannan." Na ce, "To, Gwaggo." Na zauna na yi ta dirza har yatsuna suka yi ja. Kofi ya ƙuje, ƙyallinsa ya tafi, amma rubutu yana nan daram. Haka aka raba su, har yau in an haɗu a suna sai an tsokane mu da godiya ga baki.

Abin ya tsaya mini a rai. Da aka yi hutun makaranta sai na tafi Funtua wurin wata baiwar Allah mai wannan sana'a, na yi kwanaki ina kallon hannunta. Abin da na gani shi na kawo muku.

Yadda Hoto Ya Ke Shiga

Kowace mace ta san kafur da mu ke sawa a akwatin tufafi. Ki ajiye shi dunƙule, bayan wata biyu ki tarar ya ƙanƙance, daga baya ya ɓace. Kin taɓa ganin ya narke ya jiƙa zane? Ko kusa. Daga ƙwaya ya ke zarcewa ya zama tururi, ƙamshinsa ya shige cikin kaya. To, akwai wani irin rini mai wannan hali, sai dai shi ba ya tashi sai ya ji zafi mai tsanani. Masu sana'ar suna ce da aikin sabilimeshan. Mu a wannan fili sai mu ce rinin tururi.

Ga yadda a ke yi. A kan tsara zanen a kwamfuta, a buga shi a kan wata takarda ta musamman da tawada ta musamman. A juye a ke buga shi, kamar yadda ki ke ganin rubutu a madubi, domin in ya koma jikin kofi ya miƙe daidai. Sa'an nan a naɗe kofin da takardar, fuskar zane tana ciki, a ɗaure da wani salatif da zafi ba ya narkarwa. Sai a sa a cikin inji ya rungume shi ya matse. Zafin ya kan kai digiri 180 zuwa 200, watau kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa. Kofin tangaran ya kan ɗauki minti 3 zuwa 4. Na ƙarfe ya fi saurin ɗaukar zafi, saboda haka bai kai haka daɗewa ba.

Asirin yana jikin kofin. Ba kowane farin kofi na kasuwa ya ke karɓa ba, sai wanda aka yi wa wani siririn shafi mai ƙyalli na poliyesta tun daga masana'anta, watau dangin zaren yadin roba. In shafin nan ya ji zafi sai ya saki jiki, tururin rini ya shige cikinsa. Da ya huce sai ya ƙulle, launi ya zauna a ciki. Ku tuna bambancin lalle da jan farce. Jan farce a kai ya ke zama, a kan kankare shi. Lalle kuwa shiga ya ke yi. To, wannan ya fi lalle, gama lalle ya kan fita da kansa bayan makonni, shi kuwa ya shiga ke nan.

Abin ba sabo ba ne a duniya, mu ne ya iso wa a makare. A shekarar 1941 waɗansu Turawa biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka gano poliyesta. A 1957 wani Bafaranshe mai suna Noël de Plasse, ma'aikacin masaƙa a arewacin Faransa, ya gano yadda a ke ɗaukar rini daga takarda a mai da shi jikin yadi da zafi kaɗai. A yadi aka fara, daga baya aka zo kan kofi da faranti da gora. Wani abin mamaki, audugar nan tamu da a ke nomawa daga Funtua har Faskari da Sabuwa ba ta riƙe wannan rini. In an buga shi a rigar auduga zalla, wanki kaɗan zai tafi. Sai yadi mai roba da yawa a ciki.

Wahalar Zanen Kewaye

Buga ɗan hoto a gaban kofi ba wuya. Wuyar tana ga zanen da zai kewaye jiki duka, domin ba shi da wurin ɓoye kuskure. Kakanninmu masu zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi sun san wannan. Inda layi ya tashi, nan zai komo, in bai sadu ba kowa zai gani.

Kofin shayin nan da aka fi yi, tsawonsa bai cika inci 4 ba, kewayensa kuwa wajen inci 10 ne. Amma inji ba ya iya matse gindin hannu, saboda haka zanen ya kan tsaya wajen inci 8 da rabi ko 9, a bar fari a inda hannu ya ke. Duk wanda ya ce miki zai rufe har ƙarƙashin hannu da injin matsewa, ki ce ya nuna miki wanda ya yi. Gindin kofi da wajen hannu sun fi kauri, suna shanye zafi, shi ya sa launi ya kan koɗe a nan in ba a ɗumama kofin ba tukuna.

Gora da tambulan ba su da hannu, saboda haka dole bakin takarda biyu su haɗu a baya. In takarda ta gaza ko da kaurin tsinke ne, farin layi zai fito. In ta hau juna da yawa, layi mai duhu zai fito. In ta motsa sa'ad da a ke gashi, ko sa'ad da a ke cire ta da zafi, hoto ya fito biyu-biyu kamar mai inuwa. Tambulan mai faɗin baki da tsukakken gindi ya fi duka wuya. Duk wadda ta taɓa yanka siket mai buɗaɗɗen ƙasa ta san ba a miƙe a ke yanka shi ba, sai an lanƙwasa. Haka takardar irin wannan tambulan, in an yanka ta miƙe sai ta tattare, rubutu ya gangara gefe.

Har wa yau, tawadar launi huɗu ce kawai, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, daga su a ke haɗa sauran. Babu farar tawada. Duk farin da ki ka gani a hoto farin kofin ne. Don haka ba a yin wannan aiki a kan baƙin kofi ko ja, sai fari ko mai haske.

Ga Uwar Amarya

Ke 'yar'uwa ta Sabuwa, ga abubuwan da za ki kiyaye, ki sa 'yarki ta kwafe miki su a takarda.

1. Kada ki biya kuɗi duka sai an yi guda ɗaya kin riƙe shi a hannunki. In tafiya ba ta yiwu ba, a ɗauko miki hotonsa ta gaba da ta baya da wajen hannu da gindi. Hoton da ke cikin kwamfuta ba samfuri ba ne.

2. Ki shafa shi da yatsa, ki sa farce. In kin ji sumul kamar ba a yi kome ba, rinin tururi ne. In kin ji tudu ko bakin abu, liƙa aka yi ko fenti, wannan wanki zai ɗaye shi. Ba laifi ba ne a sayi na liƙi, amma kada ki biya kuɗin rini.

3. Ki fara duba baya kafin gaba. Mahaɗa ita ke nuna gwani. In kuna zaɓen zane, ki zaɓi wanda fure ko ganye zai faɗo a mahaɗa. Kada fuska ko rubutu su kusanci wurin.

4. Ki dubi baƙin da ke cikin hoton, kamar gashi ko rubutu. In ya koma ruwan ƙasa, an ƙona shi. In ya yi dishi-dishi, bai gasu ba.

5. Ki rubuta kalmomin da hannunki, sa'an nan a nuna miki yadda aka tsara su, mutum biyu su karanta. Ku lura da ƙ da ɗ da ɓ, gama ba kowane salon rubutu na kwamfuta ke da su ba. Ƙafa dabam, kafa dabam. Garinmu ma Ƙanƙara sunansa, da lanƙwasa biyu.

6. Ki ba da hoto na asali daga wayar da ta ɗauke shi. Hoton da ya yi ta yawo a WhatsApp daga hannu zuwa hannu ya riga ya rage kyau, in an buɗa shi ya kewaye tambulan sai fuska ta dagule.

7. Kwanan wata kuwa, a ƙasarmu yanzu a kan ɗaga biki saboda hanya ko rasuwa ko wani dalili. In ba ki da tabbaci, ki sa wata da shekara kawai.

In kin raba, ki gaya wa mutane yadda za su riƙe shi. Sabulu da soso mai laushi sun isa. Toka da yashi da soson ƙarfe da mu ke wanke tukunya da su za su cinye shafin. Kada kuma a bar shi kullum a rana a kan danga, gama rana mai yawa tana dusashe launi sannu a hankali.

Ga Mai Son Sana'a

Ke kuma ta Ƙanƙara, ba zan hana ki ba. Sana'a ce mai tsabta, a ɗaki a ke yin ta, ba ta hana girki ko kula da yara. Biki da suna da saukar karatu da yaye ɗalibai ba su ƙarewa. Amma kada ki zaci inji guda shi ne jari. Ga abin da a ke bukata: kwamfuta ko waya mai ƙarfi ta tsara zane, da na'urar buga takarda wadda za a keɓe wa wannan tawada kaɗai, da tawadar, da takardar, da salatif ɗin zafi, da injin gashi, da safar hannu mai kauri, da fararen kofuna masu shafi. Ba kowace na'urar bugawa ke ɗaukar tawadar ba. Irin na Epson a ka fi juyawa a yi aikin da su, akwai kuma waɗanda don shi aka ƙera su. Injin kofi kuma ba lalle ya ɗauki dogon tambulan ba, kowane fasali da irin bakinsa. Ki tambaya kafin ki biya.

Na biyu, wuta. Injin kofi guda bai kai dutsen guga cin lantarki ba, amma yana son wuta mai tsayawa. In ta ɗauke ana tsakiyar gashi, kofin nan ya tashi daga aiki, ba a kuma mai da shi fari. Saboda haka kuɗin man janareta ko na sola yana cikin lissafi tun daga farko.

Na uku, na'urar bugawa ba ta son zama. In ta yi makonni ba aiki sai tawada ta bushe a bakinta, ta riƙa fid da hoto mai layi-layi. Ga mu da hunturu da ƙura. Sai ki riƙa buga ɗan abu kowane 'yan kwanaki, ki rufe ta da zane, takarda kuma a ajiye ta cikin leda kada ta sha raɓar damina. Ƙwayar ƙura ɗaya ko zare ɗaya a jikin kofi ya isa ya bar tabo, don haka a kan goge kowane kofi tas kafin a naɗe.

Na huɗu, lissafi. 'Yam makaranta, ku ɗauko fensir. Kofunan nan 36 su ke zuwa a katan. A misali kawai, a ce kowane ya zo miki a kan naira 1,000, katan ya kama 36,000 ke nan. A hanya biyu suka fashe, wajen gashi biyu suka lalace. Saura 32. Ku raba 36,000 gida 32. Kun sami 1,125? To, wannan shi ne kuɗin kofi guda a gaskiya, tun ba a sa takarda da tawada da mai da kuɗin mota da wahalarki ba. Wadda ta yi lissafi da 36 ta sa farashi, tana nan tana murna jari yana zurarewa. Sabuwar hannu kuwa ta sa a ranta za ta ɓata fiye da biyu kafin hannu ya faɗa. Ki sami littafi ki riƙa rubuta zafin da ki ka sa da mintin da ya ɗauka da yadda ya fito, gama kofin wannan katan ba lalle ya yi halin na wancan ba.

Na biyar, ciniki. Ki ƙidaya masu irin wannan aiki a garinku, da yawan bukukuwan da za su iya zuwa hannunki. Kada kuma ki dogara ga waya kaɗai. Ba mu manta ba a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. Ki ajiye samfuri a gida da mata za su zo su gani, su taɓa. Ki karɓi rabin kuɗi tun farko, mai kaya kuma ta sa hannu a kan rubutun da ta yarda da shi, domin kofin da ke da sunan wata ba ya sayuwa ga wata.

Na shida, lafiya. Kofin da ya fito daga inji ba ya nuna alamar zafi, fari ne kamar kullum, amma yana iya saɓule fatar yaro. A yi aikin a kan tebur mai tsawo, a rufe ƙofa ga masu rarrafe, a buɗe taga iska ta riƙa shiga. Kada a tsoma kofi mai zafi cikin ruwan randa, zai tsage. A cire murfi da duk wani abin roba kafin a gasa gora, gorar roba ta kasuwa kuwa narkewa za ta yi. Waɗansu da murhun gashi na lantarki su ke yi, su sa wa tambulan wata leda mai tsukewa in ta ji zafi. In haka za ki yi, murhun nan ya haramta ga cincin da kek, ya zama na aiki kaɗai.

Shawarata, kada adashin nan ya tafi ga inji tukuna. Ki ware kaɗan ki je ki koya wurin mai yi, ki ɓata kofi goma da hannunki a injin wani. Ko kuwa ki fara da karɓo aiki daga mata kina kai wa mai inji, kina samun la'ada, har ki san kasuwar. In ku uku ne masu shiri, ku haɗa jari, wata ta tsara, wata ta gasa, wata ta nemo ciniki. Ki kuma yi shawara da maigida, gama wuta da ɗaki da zirga-zirgar mata duk gidansa za su shafa.

Me Za A Buga?

Wannan ita ce maganar da ta fi damuna, ta shafi mai saye da mai sayarwa. Tun da mun san abin ba ya goguwa, sai mu yi tunani kafin mu sa.

Hoton amarya a kofi 100 ya shiga gida 100 ke nan. Daga nan wani zai kai shi shago, wani teburin mai shayi a bakin tasha. An tambayi yarinyar ko tana so? An tambayi angon? Muna roƙon Allah ya sa kowane aure mutu-ka-raba ne, amma mu mata mun san yau da gobe, kofin kuwa yana nan bayan shekara goma. Fure mai kyau da haruffan farko na suna da addu'ar zaman lafiya sun isa ado, ba kuwa za su sa kowa kunya ba.

Sai gorar ruwa ta 'yam makaranta. Ina ganin yara a aji da gora mai ɗauke da hotonsu da cikakken suna da sunan uba, har da sunan makaranta. Iyaye, mu da muka ga abin da ya faru a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 kafin Allah ya komo da su, bai kamata a koya mana taka-tsantsan ba. Yaro ya kan saki jiki da duk wanda ya kira sunansa. In don kada gora ta ɓace ne, a sa hoton tsuntsu ko mota da ya ke so, a rubuta sunan a ƙarƙashin gindi.

Na uku, ayoyi da sunayen Allah. Niyyar mai kyau ce, amma kofi abin yawo ne. Yana shiga ruwan wanke-wanke, yana faɗuwa ƙasa, in ya fashe a juji a ke zubarwa. Kafin ki sa aya a jikinsa, ki aika a tambayo malamai.

Mai sana'a kuma, amana ce a hannunki. Hoton matar mutane da aka ba ki, in kin gama ki share shi. Kada ki yi talla da fuskar kowa sai da izininta.

Farar Ƙasarmu

Bari in rufe da ku, 'yam makaranta. Ku juya katan ɗin fararen kofunan nan ku karanta, mafi yawansu daga ƙasar Sin su ke. Ko kun san da me a ke yin tangaran? Cikin manyan kayan haɗinsa akwai farar ƙasa, wadda masana ke ce wa kawolin, sunan da aka samo daga wani tsauni a can Sin ɗin kusa da birnin Jingdezhen, inda aka yi suna da tangaran tun ɗaruruwan shekaru. Irin wannan ƙasa kuwa Allah ya zuba ta a ƙasar Ƙanƙara, ana haƙa ana lodawa a mota. Ga ta a bayan gidanmu, mu kuwa muna jiran kofi ya ƙetaro teku, ya sauka a Ikko, ya hau mota zuwa Kano, kafin ya iso mu rabi a fashe.

Ba na ce gobe za mu fara ƙera kofi a tsakar gida ba. Tangaran yana son wutar da ta wuce digiri 1,000, shafin kuma aikin masana haɗa magunguna ne. Amma masanan nan a aji suka fara, kamar ku. Darasin nan na kimiyya da ku ke hamma in an zo shi, na ƙanƙara da ruwa da tururi, shi ne fa ya ke ci da mutane a wannan sana'a. Lissafin kewayen da'ira da ku ke cewa ba shi da amfani, da shi a ke yanka takardar tambulan. Ga aikin gida: ku sami zare ku auna kewayen kofin shayin gidanku, ku auna faɗin bakinsa, ku raba na fari da na biyu. Ku gwada da gwangwanin madara da murfin tukunya. Wadda ta ga wani abin mamaki ta rubuto mini, zan faɗi amsar a fili.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ke mai biki, ki duba kafin a gasa. Ke mai adashi, ki yi lissafi kafin ki saya. Allah ya sa albarka a bikin Sabuwa, ya ba amarya da ango zaman lafiya, ya buɗa wa ta Ƙanƙara hanyar da ta fi alheri, ya kuma zaunad da ƙasarmu lafiya. Amin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda a ke adana sabuwar masara da wake kada ƙwari su ci. Ku ci gaba da aiko da takardunku. Na bar ku lafiya.